A Bar Kaza Cikin Gashinta? Yadda Batun Bayi Ya Raba Ikkilisiyoyin Amurka

A watan Mayu na shekarar 1844 wakilan ikkilisiyar Metodis ta Amurka suka hallara a birnin New York domin babban taronsu da suke yi sau ɗaya cikin shekara huɗu. A lokacin nan membobin wannan ɗarika sun haura miliyan ɗaya. An buɗe taro da waƙa da addu'a kamar yadda aka saba, amma kowa ya san akwai magana guda da take jiransu a bakin ƙofa. Ɗaya daga cikin shugabanninsu, Bishof James Andrew na jihar Georgia, yana da bayi. Shi da kansa ya shaida wa taron cewa bai taɓa sayen bawa ba, bai kuma taɓa sayarwa ba. Waɗansu gādonsu ya yi, waɗansu na matar da ya aura ne, dokar jiharsa kuwa ta hana shi 'yanta su. Aka kwashe kwanaki ana muhawara. A ranar 1 ga Yuni aka jefa ƙuri'a, mutum 110 suka ce ya dakata da aikin bishof muddin wannan abu yana wuyansa, 68 suka ƙi. Da shekara ta kewayo, Metodis na jihohin Kudu suka taru a Louisville suka kafa tasu ikkilisiya dabam.

A Hausa mukan ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, Littafi Mai Tsarki kuma ya sha gargaɗinmu a kan tsattsaguwa tsakanin 'yan'uwa. Babu dattijon ikkilisiya mai tsoron Allah da zai so a ce a zamaninsa ne garke ya rabu biyu. To, idan mugun abu ya shiga gida, waɗansu 'yan'uwa kuma suna cin abinci daga gare shi, daidai ne a yi shiru domin kada gidan ya tsage? Masu bi na Amurka sun yi shekara sittin suna amsa wannan tambaya da i. Ya kamata mu duba abin da amsar ta haifar musu, gama su mutane ne masu karanta Littafin da muke karantawa, da yawa cikinsu kuma sun fi mu himma.

Ba da shiru aka fara ba. John Wesley, wanda ya kafa ɗarikar Metodis a Ingila, ya wallafa ɗan littafi a 1774 yana la'antar cinikin bayi. Sa'ad da mabiyansa na Amurka suka taru a Baltimore a ƙarshen 1784 domin kafa ikkilisiyarsu, sun tsai da doka cewa kowane memba mai bayi ya shirya 'yanta su cikin lokacin da aka ƙayyade, in ya ƙi a hana shi Jibin Ubangiji. Dokar ba ta kai shekara guda ba. Membobin Virginia suka tā da ƙura, aka ce a jingine ta tukuna sai lokaci ya yi. Ƙasar ma haka ta yi. Takardar shelar 'yancin kai ta 1776 ta ce an halicci dukan mutane daidai da juna, alhali Thomas Jefferson da ya rubuta ta ya mallaki mutane fiye da 600 a tsawon rayuwarsa. Tsarin mulkin 1787 bai ambaci kalmar bawa ko sau ɗaya ba, amma ya yarda a ci gaba da shigo da bayi daga Afirka har 1808, ya kuma ce a mayar da wanda ya gudu ga ubangidansa. Da yawa a lokacin suna zaton abin zai mutu da kansa. A jihohin Arewa, inda bayi ba su da yawa, haka kuwa aka yi sannu a hankali: Pennsylvania ta fara a 1780, New York ta gama a 1827.

Auduga ce ta ɓata wannan lissafi. A 1793 Eli Whitney ya ƙera injin gurzar auduga, wanda yake raba ta da angurya cikin sa'a guda fiye da abin da hannu zai yi yini sukutum. Masaƙun Ingila suna neman auduga ido rufe. Aka kori ƙabilun ƙasar na asali daga Georgia da Alabama da Mississippi, aka share dazuzzuka, aka buɗe gandaye. A ƙidayar 1790 bayi a Amurka kusan 700,000 ne. A ta 1860 sun kai kusan miliyan huɗu, auduga kuma ta zama fiye da rabin dukan abin da ƙasar take sayarwa waje. Da aka rufe hanyar Afirka, sai kasuwar ta koma cikin gida. Mutum wajen miliyan ɗaya aka kwasa daga tsofaffin jihohi irin su Virginia da Maryland zuwa sababbin gandaye na can Kudu, waɗansu a jirgin ruwa, waɗansu a ƙasa ɗaure da sarƙa.

Abin mamaki shi ne, waɗannan shekaru su ne kuma shekarun babbar falkaswa. A 1801 dubban mutane suka yi kwanaki a filin Allah a Cane Ridge ta jihar Kentucky suna jin wa'azi, suna kuka saboda zunubansu. Daga baya Charles Finney ya ratsa garuruwan jihar New York yana koyar da cewa wanda ya tuba da gaske dole a ga amfaninsa a cikin jama'a. Tubabbun nan ba su zauna ba. Sun kafa ƙungiyar rarraba Littafi Mai Tsarki a 1816, ta makarantun Lahadi a 1824, ta buga 'yan takardun bishara a 1825, ta yaƙi da shan barasa a 1826. Horace Mann ya yi fama domin ɗan talaka ya sami makaranta kyauta a Massachusetts. Wata malama mai suna Dorothea Dix ta bi gidajen kurkuku ɗaya ɗaya, ta tarar da masu taɓin hankali a ɗaure cikin sanyi, ta kai ƙara gaban majalisar jihar a 1843 har aka gina musu asibitoci. Yaƙi da barasa ya yi nasara ƙwarai, gama a wajen 1830 abin da baligi guda yake sha a shekara ya kai kimanin galan bakwai na tsantsar barasa, kafin shekara ashirin kuwa ya ragu da fiye da rabi.

A cikin yawancin ayyukan nan Kudu da Arewa hannunsu ɗaya. Mai gandu a Carolina yana iya ba da baiko mai tsoka domin a aika da Littafi Mai Tsarki ƙasar Bama, ya sa hannu a takardar alkawarin barin giya, ya hori ɗansa a kan caca da rawa, ba abin da ya ragu a rumbunsa. Mashayi kuwa ba shi da kujera a majalisar dattawa, saboda haka tsawata masa ba wuya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Amma da hasken falkaswar ya juyo kan bayi, sai ya sauka a kan dukiyar mutanen da suke gina majami'u, suke biyan albashin fasto. A wani wurin ma ikkilisiyar ce da kanta mai bayin. Ikkilisiyar Firesbiteriyan ta Briery a Virginia ta yi shekaru da yawa tana ba da hayar bayinta ga wanda ya fi taya su, da kuɗin take biyan mai wa'azinta. A 1838 limaman Katolika na ƙungiyar Jesuit a Maryland sun sayar da mutum 272 zuwa Louisiana, aka biya bashin kwalejinsu ta Georgetown da wani kashi na kuɗin.

Iyaye masu karanta wannan shafi, ku tsaya ku auna abin da bautar nan take nufi a cikin gida. Doka ba ta san auren bawa ba. Ɗa yana bin matsayin uwarsa, wato jaririn da baiwa ta haifa dukiyar ubangidanta ne tun ranar haihuwa, ko da shi ubangidan ne ya yi cikin. In maigida ya mutu da bashi, sai a kai iyali wurin gwanjo, miji ya bi wannan mai saye, mata ta bi wancan, yara kuma wanda ya taya. Abin ya yi yawa har ya zama tambaya a gaban ikkilisiya: bawan da aka sayar da matarsa zuwa wata jiha mai nisa, ba kuwa zai sake ganinta ba, yana iya yin wani aure? A 1835 haɗaɗɗiyar ƙungiyar ikkilisiyoyin Baftis na yankin kogin Savannah ta amsa cewa yana iya yi, domin irin wannan rabuwa daidai take da mutuwa. Na daɗe ina juya wannan hukunci a zuciyata. Akwai tausayi a cikinsa, ban musa ba. Amma masu wa'azin da suke karanta wa ango da amarya gargaɗin Ubangiji game da raba abin da Allah ya gama, sun gwammace su sassauta koyarwar aure da su hori memban da ya sayar da matar ɗan'uwansa cikin Almasihu.

Masu bayi ba su ce sun bar Littafi Mai Tsarki ba, a nan ne maganar ta yi nauyi. A 1822 Richard Furman, shugaban Baftis na South Carolina, ya rubuta wa gwamnan jihar doguwar takarda yana nuna cewa Nassi ya halatta mallakar bayi. Hujjojinsu a bayyane suke. Ibrahim yana da bayi. Shari'ar Musa ta tsara bauta, ba ta hana ta ba. Ubangiji Yesu ya rayu a daular Roma mai cike da bayi, ba a kuwa rubuta ya yi wa'azi a kan haka ba. Manzo Bulus ya umarci bayi su yi biyayya, ya kuma mayar da Unisimas wurin Filimon. Waɗansu suka ƙara da la'anar da Nuhu ya furta a Farawa sura 9, suka ce a kan baƙar fata ta sauka. Masu gāba da bauta suka amsa da nasu ayoyin. Fitowa 21:16 ta yanke hukuncin kisa a kan mai satar mutum ya sayar. Maimaitawar Shari'a 23:15 ta hana a mayar da bawan da ya tsere. Bulus ya lissafta masu satar mutane cikin marasa tsoron Allah a 1 Timoti 1:10, ya shaida wa mutanen Atina cewa dukan al'ummai daga tushe ɗaya suke, ya kuma roƙi Filimon ya karɓi Unisimas a matsayin ɗan'uwa. La'anar Nuhu kuwa a kan Kan'ana take, babu kuma zancen launin fata a wurin ko kaɗan. A tsakanin 1844 da 1845 manyan malaman Baftis biyu, Francis Wayland shugaban Jami'ar Brown da Richard Fuller na South Carolina, suka yi musayar wasiƙu a kan batun cikin ladabi da girmama juna. Babu wanda ya rinjayi ɗan'uwansa.

A ganina akwai tambayoyi biyu da masu kāre bauta suka yi ta kewayewa. Ta fari, in dai abin da ya faru a zamanin Ibrahim ne hujja, me ya sa sai baƙar fata kaɗai ake bautarwa? Bayin Roma na kowane launi ne. Babu mai wa'azi ko ɗaya a Kudu da ya yarda a sayar da maraya farar fata saboda bashin ubansa. Ashe akwai wani abu a zuciya wanda ya riga ayar zuwa, ayar kuwa an nemo ta ne daga baya domin ta yi masa riga. Ta biyu, wasiƙar nan ta Afisawa da ta ce bayi su yi biyayya, ita ce ta ce miji ya ƙaunaci matarsa, 'ya'ya su girmama iyayensu, iyaye su goyi 'ya'yansu cikin horon Ubangiji. Tsarin da ya sa bawa ba zai iya kiyaye ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, wanda har ya hana shi koyon karatu a jihohi da dama, yaya za a ce Littafin ne ya kafa shi?

Wanda ya fi kowa tona wannan asiri shi ne Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta a Maryland a 1838, ya wallafa tarihin rayuwarsa a 1845. Ya ba da labarin yadda ubangidansa, Thomas Auld, ya tuba a wani taron falkaswa na Metodis. Bayin gidan suka sa rai za a 'yanta su, ko aƙalla a sassauta musu. Sai mutumin ya ƙara tsanani, gama yanzu ya sami ayar da zai jingina da ita. Douglass ya ce ya ga Auld ya ɗaure wata budurwa gurguwa yana zabga mata bulala har jini ya zuba, yana karanta ayar nan ta Luka 12:47. Ya kuma faɗi yadda shugabanni a ikkilisiya suka zo da sanduna suka watsa 'yar makarantar Lahadin da ake koya wa bayi karatun Sabon Alkawari. Duk da haka Douglass ya bambanta addinin Almasihu, wanda ya ce yana ƙauna, da addinin masu bulala. Baƙaƙen masu bi da yawa sun riga sun yi wannan bambanci da ƙafafunsu. A Philadelphia, bayan an tā da su daga inda suka durƙusa suna addu'a a majami'ar fararen fata, Richard Allen da abokansa suka fita, a 1816 kuma suka kafa ɗarikarsu, wadda take nan har yau.

Amma yawancin shugabannin ikkilisiya ba Auld ba ne, ba kuma Douglass ba. Mutanen tsakiya ne, su ne kuma suka fi damuna, domin sun fi kama da mu. A 1818 babban taron Firesbiteriyan ya fitar da sanarwa mai ƙarfi cewa bautar da mutum ta saɓa wa dokar Allah da bisharar Almasihu, sa'an nan ya ƙara da cewa gaggauta 'yantarwa zai jawo ɓarna. Taron nan guda kuma ya tabbatar da tuɓe Fasto George Bourne na Virginia, wanda ya kira masu bayi ɓarayin mutane. A 1834 ɗaliban kwalejin tauhidi ta Lane a Cincinnati suka yi dare goma sha takwas suna tattauna batun. A cikinsu akwai James Bradley, wanda aka sato daga Afirka yana ƙaramin yaro, ya yi aikin dare shekara da shekaru har ya fanshi kansa. Da suka gama, kusan dukansu suka amince a 'yanta bayi ba tare da jinkiri ba, suka kuma shiga unguwannin baƙar fata suna koyar da karatu. Hukumar makarantar ta haramta zancen. Ɗalibai da yawa suka kwashe kayansu, waɗansu suka koma Oberlin. A 1836 babban taron Metodis ya tsawata wa wakilansa biyu saboda sun yi jawabi a taron masu neman 'yanta bayi, ya kuma shawarci dukan membobi su daina tā da maganar. A shekarar nan ce Majalisar Wakilai ta ƙasar ta tsai da ƙa'idar ajiye duk takardar koke a kan bauta ba tare da an tattauna ta ba, ƙa'idar da tsohon shugaban ƙasa John Quincy Adams ya yi ta yaƙa har aka soke ta a 1844. Ƙungiyar buga takardun bishara kuwa, wadda ta yi rubutu a kan giya da rawa da karya ranar Ubangiji, ta riƙa share layukan da suka taɓa bauta daga littattafan da take sake bugawa, domin kada a rufe mata ƙofa a Kudu. Ko Finney, wanda ya hana masu bayi Jibin Ubangiji a majami'arsa ta New York, ya bar baƙaƙe suna zama a gefe dabam.

Kada mu yi musu rashin adalci. Suna da dalilai, ba kuma dukansu na banza ba ne. Sun ga jinin da aka zubar a Haiti. A watan Agusta na 1831 wani bawa mai wa'azi, Nat Turner, ya jagoranci tawaye a Virginia, aka kashe fararen fata kusan 60, yawancinsu mata da yara, aka kuma rama a kan baƙaƙe da yawa waɗanda ba ruwansu. Suna cewa in aka fusata masu gandu, za su hana masu bishara kusantar bayin gaba ɗaya. Suna kuma ganin harshen William Lloyd Garrison, wanda ya fara jaridarsa a Boston a farkon 1831, ya cika kaifi. Mutumin da daga baya, a 1854, ya ƙone kwafin tsarin mulkin ƙasar a bainar jama'a. Arewa ma ba ta da bakin yin fahariya, gama idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masaƙun Massachusetts da bankunan New York da audugar nan suke ƙiba. A Boston ne 'yan zanga-zanga suka ja Garrison da igiya a titi a 1835. A jihar Illinois, inda babu bauta, aka harbe Fasto Elijah Lovejoy a garin Alton ranar 7 ga Nuwamba, 1837, yana tsaron injin buga jaridarsa na huɗu, bayan an lalata uku. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar edita ya san sanyin da irin wannan labari yake sa wa alƙalami.

Inda na rabu da mutanen tsakiya shi ne a kan zaton da suka yi cewa shiru yana barin abu a inda yake. Dubi yadda maganar ta yi ta zamewa. A 1784 an kira mallakar bayi zunubin da zai hana mutum teburin Ubangiji. A 1818 an kira ta mugun abu wanda za a kawar wata rana. A 1836 aka ce kada a ambace ta. A 1837 Sanata John Calhoun na South Carolina ya tashi a majalisa ya ce bautar alheri ce ga bawa da ubangidansa, ba da daɗewa ba kuwa aka fara jin haka daga bagadi. Yaran da suka girma ba su taɓa jin fastonsu ya kira abin da sunansa ba, su ne suka zama dattawan da suka ce Allah ne ya kafa shi. Sa'an nan haƙurin da ake ta wa'azinsa, wa ya biya kuɗinsa? Wanda ya ce a jira yana kwana da matarsa da 'ya'yansa a ɗaki ɗaya. Zumuncin da ake tsoron ɓatawa na masu zama a kujerun gaba ne. Na waɗanda suke zaune a bene ko a bayan majami'a, masu baftisma ɗaya da su, an riga an ɓata shi tuntuni, ba wanda ya kira wannan tsattsaguwa.

Akwai kuma wata hanya da aka riga aka gwada, wadda ta nuna cewa tawali'u dabam, shiru dabam. John Woolman, tela ne kuma marubucin takardu a New Jersey, ɗan ɗarikar Kweka. Tun yana saurayi maigidansa ya sa shi rubuta takardar sayar da wata baiwa. Ya rubuta, amma zuciyarsa ba ta ba shi hutu ba. Daga baya, in aka kawo masa wasiyya mai ɗauke da rabon bayi, sai ya ƙi rubutawa, ya bayyana dalilinsa da murya mai taushi. Ya yi shekaru yana bin gidajen 'yan ɗarikarsa masu bayi, yana zama da su, yana tambayarsu. In ya kwana a gidan da bayi suka yi masa hidima, yakan bar kuɗin ladansu. Ya daina shan sukari, ya daina sa tufafin da aka rina. Bai zagi kowa ba, bai kuwa bar kowa ya huta ba. Ya rasu a 1772. A 1776 babban taron Kweka na Philadelphia ya tsai da cewa mai riƙe da bayi ba zai ci gaba da zama memba ba. Sun yi hasarar waɗansu mawadata. Gaskiya ne su kaɗan ne, auduga kuma ba ta riga ta zama sarauniya ba. Wannan ma darasi ne game da lokaci, gama abin da za a iya tumɓukewa da hannu a 1776 ya zama kuka mai saiwa a 1844.

Tsagewar da aka yi shekara sittin ana gudu ta zo duk da haka. Baftis suka bi sahun Metodis. Da hukumar aikin bishara ta ce ba za ta naɗa mai bayi ya zama ɗan mishan ba, sai na Kudu suka taru a Augusta ta Georgia a watan Mayu na 1845 suka kafa tasu ƙungiya. Wannan ƙungiya ce ta aiko da Thomas Bowen ƙasar Yarabawa a 1850, daga aikinsa kuma ikkilisiyar Baftis ta Nijeriya ta tsiro. Allah yana iya aiko da iri mai kyau a cikin ƙwaryar da ta tsage, amma wannan bai ɗinke ƙwaryar ba. Firesbiteriyan suka rabu kashi kashi, na ƙarshe a 1861. A watan Maris na 1850 Calhoun, yana gab da mutuwa har sai da wani ya karanta masa jawabinsa, ya faɗa wa majalisar dattawa cewa ikkilisiyoyi suna cikin igiyoyi mafi ƙarfi da suka ɗaure ƙasar wuri ɗaya, ga shi kuwa suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya.

Sauran labarin ya gudana da sauri. Dokar 1850 ta tilasta wa mutanen Arewa su taimaka a kama bawan da ya tsere. Wanda ya ɓoye shi zai iya biyan tarar da ta kai dala 1,000, ya kuma yi har wata shida a kurkuku, jami'in da ya saurari ƙarar kuma ana biyansa dala 10 in ya mayar da mutumin, dala 5 in ya sake shi. Iyalai Kirista da suka ce ba ruwansu suka iske maganar tana ƙwanƙwasa ƙofarsu da tsakar dare. Harriet Beecher Stowe, 'yar shugaban kwalejin Lane ɗin nan, ta rubuta labarin da aka sayar da kwafi 300,000 a shekararsa ta fari, 1852. A 1857 Kotun Ƙoli ta yanke cewa baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasa ba. Aka zaɓi Abraham Lincoln a 1860, yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 1861. Kafin a ƙare a 1865 sojoji fiye da 600,000 sun mutu, a ƙarshen shekarar kuma aka gyara tsarin mulki aka haramta bauta. Makonni kaɗan kafin a kashe shi, Lincoln ya tuna wa jama'arsa cewa ɓangarorin biyu Littafi ɗaya suke karantawa, Allah ɗaya kuma suke roƙo, kowa yana neman a ba shi nasara a kan ɗan'uwansa.

Metodis ba su sake haɗuwa ba sai 1939, ko a lokacin ma sai da aka ware baƙaƙen membobi a wani sashe na dabam, wanda ba a rushe ba sai 1968. Firesbiteriyan sun jira har 1983. Baftis na Kudu da na Arewa suna rabe har yanzu. A 1995, shekara 150 bayan taron Augusta, na Kudu suka tsaya a Atlanta suka furta cewa kakanninsu sun kāre bauta, suka nemi gafarar baƙaƙen 'yan'uwansu. Bishof Andrew ya ci gaba da aikinsa a ikkilisiyar Kudu, ya rasu a 1871. A cikin waɗanda ya ambata a gaban taron New York akwai wata budurwa da ake kira Kitty, wadda aka bar masa da wasiyyar cewa in ta kai shekara 19 a tambaye ta ko za ta tafi Laberiya. An tambaye ta, ta ce ba za ta tafi ƙasar da ba ta san kowa ba, saboda haka ta ci gaba da zama baiwa a idon doka a garin Oxford na Georgia. An rubuta jawaban da aka yi a taron nan, an buga su, ana iya karanta su har yau. Ita dai ba a kira ta ta yi magana ba.